Illar Sinadaran Wankin Mota ga Ƙarafan Ado na Alminiyam da Hanyoyin Gyara Su

1.0 GABATARWA



Wanda duk ya saba kai mota wurin wanki, da wuya a ce bai taɓa cin karo da abin da wannan takarda za ta yi magana a kai ba. An wanke mota fes, fenti yana ta walƙiya, amma siraran ƙarafan nan masu sheƙi da ke kewaye da gilasan tagogi sun yi fari dabbare-dabbare, sai ka ce nono aka yayyafa musu ya bushe. Mai mota ya ce datti ne, a sake wankewa. Yaron da ya yi wankin ya ƙara sabulu ya dirje. Muddin da ruwa a jikin ƙarfen sai tabon ya ɓace, da zarar ya bushe kuwa sai ya dawo, har ma ya fi na farko muni. Daga nan sai gardama ta kaure, wadda sau da yawa takan ƙare a kan yaron, ko dai a zaftare masa ladan aikinsa, ko kuwa a sallame shi.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa wannan tabo ba wani abu ba ne da ya hau kan ƙarfe, wani abu ne da ya bar jikinsa. Saboda haka wanki ba ya fid da shi. Za a fara da bayanin halin alminiyam, sa'an nan a dubi sinadaran da ke cin sa, da yadda ake gane irin ɓarnar da ta auku, da hanyoyin gyara bisa ga zurfinta. Daga ƙarshe za a kawo shawarwari ga masu sana'ar da kuma kwalejojinmu.

2.0 HALIN ALMINIYAM

Alminiyam sabon ƙarfe ne idan an kwatanta shi da baƙin ƙarfe ko tagulla. Sai a shekarar 1825 ne Hans Christian Ørsted na ƙasar Denmak ya fara ware shi, bai kuwa yi araha ba sai bayan 1886, lokacin da Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a gefensa, suka gano hanyar tace shi da wutar lantarki. Masu ƙera motoci sun rungume shi saboda rashin nauyinsa, domin nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe. A yau ana samun sa a gefen tagogi, da sandunan kan rufi, da matakalar gefe, da wili. Akwai ma motocin da gangar jikinsu da shi aka yi, kamar Audi A8 tun daga 1994 da Ford F-150 tun daga samfurin 2015.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa alminiyam ba ya tsatsa domin ƙarfe ne mai taurin kai. Gaskiyar magana ita ce akasin haka. Alminiyam ya fi baƙin ƙarfe saurin haɗuwa da iskar oksijin. Da zarar an kankare shi, nan take wata 'yar fata ta oksayid takan rufe wurin, ta toshe wa iska da ruwa hanya. Tsatsar baƙin ƙarfe ɓarewa take yi ta buɗe sabon wuri, ita kuwa wannan fata manne take ƙam. Watau dai dukan juriyar alminiyam a fatarsa take. Sai dai fatar da iska ke yi ba ta da wani kauri, bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin miliyan na milimita ba.

2.1 Fatar da Ake Ƙera Wa Ƙarfen Ado

Domin a ƙara wa wannan fata kauri aka ƙirƙiro aikin da ake kira anodayizin. Bengough da Stuart ne suka fito da shi a Ingila a 1923, don kare sassan jiragen sama masu sauka a kan ruwa. A 1927 Gower da O'Brien suka kawo hanyar yin sa da asid na salfa, watau dangin ruwan batir, wadda ita aka fi bi har yanzu. Akan tsoma ƙarfen cikin ruwan asid ɗin, a ratsa wutar lantarki ta jikinsa, sai samansa ya rikiɗe ya zama oksayid mai tauri, mai garai-garai kamar gilashi. Wannan fata cike take da 'yan ƙananan ramuka waɗanda ido ba ya gani, don haka akan dafa ƙarfen cikin tafasasshen ruwa, ko wani ruwan gishiri na musamman, domin bakin ramukan ya toshe. Idan ana son launi, kamar baƙi, kafin toshewar ake sa rini ya shiga ramukan.

Abin lura a nan shi ne kaurin fatar. A ƙarafan ado masu sheƙi yawanci tsakanin maikiromita 5 zuwa 10 ne, maikiromita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Silin gashin mutum ya ninka wannan kauri kusan sau goma. Sheƙin da muke gani na gogaggen ƙarfen da ke ƙasa ne, muna hango shi ta cikin fatar. Idan fatar ta gurje, haske ba ya ratsa ta kai tsaye, warwatsewa yake yi, shi ya sa ido ke ganin fari-fari. Ruwa ko mai yakan cike gurbin da ya gurje na ɗan lokaci, haske ya sake ratsawa. Wannan shi ne dalilin ɓacewar tabon in an jiƙa shi, da dawowarsa in ya bushe.

3.0 SINADARAN DA KE YIN ƁARNAR

Masana kimiyyar sinadarai sun kasa ruwaye kashi biyu: dangin tsami, watau asid, da dangin kanwa, waɗanda su ne kishiyoyinsu. Ana auna su da ma'aunin pH, wanda Sørensen na Denmak ya fito da shi a 1909. Tsabtataccen ruwa yana kan 7, abin da ya yi ƙasa da haka tsami ne, abin da ya haura kuwa dangin kanwa ne. Baƙin ƙarfe tsami ya fi tsoro, dangin kanwa ba su cika damun sa ba. Shi kuwa alminiyam duka biyun suna narkar da fatarsa. Aikin Marcel Pourbaix na ƙasar Beljiyam, wanda aka buga a 1963, ya nuna cewa fatar tana zaune lafiya ne kawai tsakanin pH 4 da wajen 8.5.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga matanmu. Tukunyar alminiyam da aka saba dafa wake da kanwa a ciki, takan dushe ta canza launi daga ciki. Abin da ke faruwa a gefen tagar mota ke nan, sai dai sinadaran wankin sun fi kanwa kaifi nesa ba kusa ba.

3.1 Dangin Kanwa

Su ne suka fi yin ɓarna a ƙarafan gefen taga. Sun haɗa da:

(a) Ruwan wanke maiƙo da na wanke inji, da kumfar da ake fesa wa mota kafin a sa mata hannu. Da yawansu suna ɗauke da soda mai ƙuna, watau NaOH, ko danginta, kuma pH ɗinsu yakan kai 12 zuwa 13, ko fiye.

(b) Garin sabulun wankin tufafi, wanda akasari akwai sodiyam kabonet a cikinsa, ruwansa kuwa yakan kai pH 10 zuwa 11. Shi ne abin da ƙananan wuraren wanki da yawa a garuruwanmu suke amfani da shi saboda araharsa.

(c) Sabulun ruwa na haɗin gida. Ana haɗa shi da soda mai ƙuna da wani asid wanda ya kamata ya kashe kaifinta. Idan mai haɗin bai daidaita awo ba, sai ragowar soda ta zauna a ciki.

(d) Bilicin wanki, wanda ban da kaifinsa yana kuma ɗauke da kulorin, mai haddasa ƙananan ramuka a jikin alminiyam.

Yadda soda ke cin fatar shi ne kamar haka:

Al2O3 + 2NaOH + 3H2O → 2NaAl(OH)4

Abin da ya fito a hannun dama narkewa yake yi cikin ruwa, ya bi ruwan ɗauraya ya tafi. Idan fatar ta ƙare, sai soda ta kama ƙarfen kansa, tana fid da iskar haidirojin.

Akwai wani kuskure da ya kamata a gyara a nan. Masu wanki sukan ce ai sun sirka da ruwa. To, kowane mataki ɗaya na pH ninki goma ne. Ruwan soda mai pH 13, in aka sirka kofi ɗaya ya zama kofi goma, a 12 kawai zai tsaya. Kafin ya sauko 9 sai kofi ɗayan nan ya zama kofi 10,000. Ashe ke nan sirkin bokiti ɗaya ko biyu bai fid da shi daga haɗari ba.

3.2 Dangin Tsami

Waɗannan an fi samun su cikin ruwan wanke wili, wanda aka yi domin cire baƙar ƙurar birki. A nan irin asid ɗin ya fi lambar pH muhimmanci. Ruwan lemon tsami yana wajen pH 2, amma in ya taɓa ƙarfen na minti ɗaya aka ɗauraye, ba ya yin wata ɓarna. Masu haɗari su ne waɗanda ke ɗauke da fuloraid, watau asid ɗin HF da gishirin amoniyam baifuloraid. Su kam cikin daƙiƙoƙi suke cin fatar alminiyam, har gilashi ma suna ci.

Haɗarinsu bai tsaya ga mota ba. HF yana ratsa fatar mutum ya kama sinadarin kalsiyam na jiki. In sirkakke ne, mai yiwuwa ba za a ji zafi ba sai bayan sa'o'i, wani lokaci har kwana guda, alhali yana can yana cin nama a ƙarƙashin farce. Wanda ya zubar masa ya wanke wurin da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15, ya tafi asibiti ko da bai ji komai ba. Maganin da ake shafawa shi ne man kalsiyam gulukonet. Har wa yau kada a kuskura a haɗa irin waɗannan ruwaye da bilici, domin iskar kulorin mai guba ce ke tashi.

3.3 Abubuwan da ke Tsananta Ɓarnar

Sinadari ɗaya zai iya wucewa lami lafiya yau, gobe ya ɓata ƙarfe. Abubuwa uku ke kawo wannan bambanci. Na farko zafi. A bisa ƙiyasin da aka saba da shi, saurin aikin sinadari yakan ninka kusan sau biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri zafin iska kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙarfen da ya wuni a rana kuwa ya fi haka zafi sosai. Na biyu bushewa. In kumfa ta fara bushewa, ruwan ne ke tashi, soda na nan, kaifinta sai ƙaruwa yake yi a kowane ɗigo. Shi ya sa tabon ke fitowa da siffar ɗigo ko layin gangarowar ruwa. Na uku tsufan fatar. Motocin da ake shigo da su bayan sun yi shekaru a Turai ko Amurka sun riga sun sha gishirin da ake barbaɗa wa tituna lokacin ƙanƙara, sun kuma sha injinan wanki na can. Ƙurar hunturu, in an share ta da busasshen tsumma, ita ma tana ƙara karce fatar. Wanki ɗaya na ƙarshe shi ne kawai ke bayyana abin da ya daɗe yana taruwa. Ya kamata a tuna da wannan kafin a ɗora wa yaro laifi duka.

4.0 GANE IRIN ƘARFEN DA IRIN ƁARNAR

Kafin a taɓa komai, wajibi ne a san abin da ake shirin gyarawa, don kada garin neman gira a rasa ido. Ba kowane abu mai sheƙi a jikin mota ne alminiyam ba. Akwai roba mai rufin kurom, akwai kuma ƙarfe maras tsatsa. Alminiyam ɗin ma iri uku ne: tsirara, da mai fatar anodayizin, da mai rufin fenti garai-garai, kamar yawancin wili. Ga gwaji uku masu sauƙi, waɗanda za a yi a wani ɓoyayyen gefe:

(i) A ɗiga man goge ƙarfe a farin tsumma a murza. In tsumman ya yi baƙi nan da nan, ƙarfen tsirara ne. In bai yi ba, akwai fata ko fenti a kansa.

(ii) A ɗora ƙafafun mitar masu gyaran rediyo a kan ƙarfen ba tare da dannawa ba. Fatar anodayizin da fenti ba sa ratsa lantarki. Tsiraran ƙarfe da kurom suna ratsawa.

(iii) A shafa ruwan khal da aka sirka da ruwa daidai wa daida, a ɗauraye bayan minti ɗaya. In farin ya tafi bai dawo ba, gishirin ruwan rijiya ne ya bushe a kai, ƙarfen lafiya lau yake. In ya dawo, fatar ce ta ciwu.

5.0 HANYOYIN GYARA

A sani tun farko cewa babu wani mai ko ruwa da ke mayar da fatar anodayizin da ta narke. Abin da ake iya yi shi ne a daidaita ragowarta, ko a cire ta gaba ɗaya, ko a rufe ta, ko a sake ta.

5.1 Ɓarna Maras Zurfi

In saman fatar ne kawai ya dushe, ana iya goge shi da lallausan man goge fenti ko na gilashi, da hannu, a hankali, bayan an rufe roba da fentin da ke kewaye da salatif na masu fenti. Sa'an nan a shafa kakin mota ko ruwan kariya mai bushewa da tauri, don ya toshe ramukan da suka buɗe. Sheƙi yakan dawo gwargwado, amma sai an riƙa sabunta kariyar. In za a yi da inji, kada a bari ƙarfen ya ɗau zafi, domin alminiyam ya fi fatarsa buɗewa in ya ji zafi, tana iya tsattsagewa daga wajen digiri 80. Shafa man inji ko na girki kuwa rufa-rufa ce, wanki ɗaya ke tona ta.

5.2 Ɓarna Mai Zurfi

In tabon ya ƙi, ko ana jin kaushinsa da farce, sai a cire fatar duka. Ana yin haka da samfefa mai ruwa, a fara da lamba 600 ko 800, a bi da 1000, 1500, 2000, ana bin tsawon ƙarfen. Bayan haka a goge da man goge ƙarfe har ya yi kamar madubi. Dole a yi sandar duka daga kai zuwa kai, in ba haka ba iyakar wurin da aka tsaya za ta fito fili. Kada a yi amfani da soson ƙarfe, domin ɓurɓushinsa yana nutsewa cikin alminiyam, daga baya ya yi tsatsa ya haddasa ramuka.

Ya kamata a gaya wa mai mota gaskiya kafin a fara: wannan hanya ba ta da komawa. Ƙarfen ya zama tsirara, zai riƙa dushewa cikin makonni, sai dai a riƙa goge shi a kai a kai, ko kuwa a fesa masa fenti garai-garai wanda aka yi don ya kama tsiraran ƙarfe. Ƙarfe mai baƙin launi kuwa ba a yi masa wannan aiki, domin launin a cikin fatar yake, tare za su tafi.

5.3 Rufewa, Sake Fata, ko Canji

Hanya mafi sauƙin kuɗi ga mai son a huta ita ce manna ledar ado mai gam a kan ƙarfen, baƙa ko mai launin azurfa, wadda ana iya ɓare ta in an ga dama. Fenti ma yana yi, muddin an fara da shimfiɗar da ke kama alminiyam. Sake anodayizin shi ne gyara na ainihi, amma sai an kwance ƙarfen an kai masana'anta, an narkar da tsohuwar fata, an goge, an sake tsomawa. Sandunan da aka haɗe da roba ko gilashi tun daga kamfani ba sa shiga wannan ruwa, siraran kuwa sukan lanƙwashe wajen kwancewa. A irin wannan hali canji ya fi. Game da wili mai rufin fenti, in ruwa ya riga ya shiga ƙarƙashin fentin yana yin farin zane kamar sawun tsutsa, ba abin yi sai a kankare a sake fenti.

6.0 SHAWARWARI

(1) A wanke mota a inuwa, bayan jikinta ya huce, da sabulun mota mai pH kusa da 7. A jiƙa da ruwa kafin a sa kumfa, a bi ɓangare-ɓangare, kada a bar kumfa ta bushe.

(2) Kowane wurin wanki ya ajiye takardar gwajin pH, irin ta ɗakin gwaje-gwajen sakandare. Duk ruwan da ya haura 9 ko ya gaza 4 kada ya kusanci ƙarafan ado. Duk kwalbar da aka rubuta fuloraid a jikinta, ko wadda ba ta da rubutu sam, a nisance ta.

(3) Mai wurin wanki ya tanadar wa yaransa safar hannu ta roba da tabarau. Ya kuma zagaya mota tare da mai ita kafin a fara, a nuna masa tabon da ya zo da shi.

(4) Sassan koyar da fasaha da na kimiyyar sinadarai a kwalejojin ilimi su sa wannan batu cikin darussan asid da kishiyoyinsa. Gwajinsa ba ya cin kuɗi: guntun takardar alminiyam a cikin sirkakken ruwan soda, a fili, nesa da wuta saboda haidirojin, ɗalibai su ga yadda yake tafasa ya narke. Ɗaliban nan su ne za su koyar a makarantun da masu wannan sana'a ke fitowa.

(5) A rubuta gargaɗin cikin Hausa a manna a wuraren wanki, tun da bayanin da ke jikin kwalaben da harsunan waje yake zuwa.

7.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa kyau da juriyar ƙarfen ado na alminiyam sun rataya ne a kan wata fata wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba, kuma dangin kanwa masu kaifi da asid mai fuloraid suna narkar da ita, musamman a cikin rana. An ga cewa ƙaramar ɓarna ana iya rage ta, babba kuwa sai dai a cire fatar, ko a rufe, ko a canza ƙarfen, kowace hanya da irin asararta. Takardar gwaji da inuwa da ruwan ɗauraya sun fi duk waɗannan araha, kuma su ne za su kare mota, su kare hannun mai wankinta da abincinsa.